Jana'izar Royce Hatch a Cikin Barga

Ranar Litinin da hantsi mai kai wasiƙu ya leƙa ta taga ya hango Royce Hatch zaune a kujerarsa, rediyo na ta zuba, kofi ya huce a kan tebur, shi kuwa rai ya yi halinsa. Kafin tsakar rana labari ya zaga Corliss kaf, don garin namu bai kai girman da magana za ta gaji a hanya ba. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa. Wasu kuma da suka juya baya sai suka ƙara da cewa, "Ka ga mutumin nan, ko mutuwa sai da ya zaɓi makon Kirsimeti."

Yayarsa, Maxine Tull, ta ji wannan ma, don a Corliss gulma ba ta kwana ba ta isa gidan mai ita ba. Ta kira Lasky mai shirya gawa, ta kira Janine 'yar marigayin da ke aikin jinya a Arizona, washegari kuma ta ɗauki jakarta da mabuɗanta ta nufi cocin Saint Aidan.

Maxine ta ba saba'in baya. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, kuma tun wasu cikinmu na goye take shugabar matan bagade, wato masu wanke yadin teburin ibada da ke gaban coci su yi masa guga, su goge ƙoƙon azurfa, su gyara kyandirori, su sauya launi daidai da lokaci: shunayya a makonnin jiran Kirsimeti, fari ranar idi, fari kuma ranar jana'iza. Limamai nawa suka zo suka tafi a gabanta, babu wanda ya taɓa mata ko ƙyalle ɗaya ba da izini ba ya sha da daɗi.

Abin da ke tsakanin Royce da cocin ba ɓoyayye ba ne. Shi ne mai kula da ginin a da, shara da tukunyar ɗumama da kwashe dusar ƙanƙara. Wani Disamba, shekaru ashirin da wani abu da suka wuce, ya sha ya yi tatul, ya bar na'urar ɗumama ɗaki a kunne kusa da rassan itacen fir da aka yi wa coci ado da su. Wuta ta ci molon cocin mai bututu, ta ci babbar tagar gabas mai gilashi kala-kala. Tagar nan kuwa Wendell Amory da matarsa ne suka sa ta don tunawa da ɗansu Teddy, wanda kogi ya cinye yana ɗan shekara tara. Dattawan coci suka sallami Royce. Daga baya ya daina sha, ya daina ɗungurungum, amma wannan babu wanda ya ga ya kai a yi maganarsa.

Da Maxine ta tura ƙofa, ƙamshin fir ya tarye ta. An rataya rassa a kowane ginshiƙi tun ranar Lahadi bayan sujada. A gaba kuma, daga matakalar bagade har bakin bencin farko, dandamalin wasan kwaikwayon Kirsimeti na yara, na jaririn da aka haifa a barga, ya cinye wurin kaf: barga ta katako mai rufin ciyawa, komin dabbobi, tauraron kwali da aka naɗe da takardar azurfa. Daga tsakiyar hanya an jingina gangaren katako saboda Sanata, jakin da ake arowa daga gonar Pell duk shekara, wanda ba ya ɗaga ƙafa sai ya ga karas.

Wendell Amory, babban dattijon coci, na durƙushe a kan dandamalin, ƙusoshi a bakinsa. Ya tofar da su a tafin hannu ya miƙe.

"Maxine. Na ji abin da ya faru. Allah ya ba da haƙuri."

"Amin. Juma'a, ƙarfe sha ɗaya."

"Me za a yi Juma'ar?"

"Rawa. Jana'izar ƙanena mana, Wendell."

Ya dubi bargarsa, ya dube ta. "A ina?"

"A inda aka yi ta mahaifiyarka."

"Haba, Maxine, ki duba da idonki. Mu huɗu muka yi wuni biyu muna kafa abin nan. Yara na da gwaji Alhamis, wasa Asabar. Lasky na da ɗakin addu'a, ga kafet, ga ɗumi. Ko ki bari sai bayan Sabuwar Shekara. Ai ko yaya kabari sai bazara, ƙasa ta daskare."

"Kabari ya jira bazara, addu'a ba za ta jira ba. Janine jirgin Asabar da safe za ta bi, asibiti bai ba ta fiye da haka ba." Ta ajiye jakarta a kan benci. "Mahaifiyarka ta rasu ana jibi auren 'yar Pell, coci cike da furanni da labule. Wa ya sauke su? Wa ya mayar? Gwiwar nan tawa har yau tana tuna mini. Ban ce maka Lasky na da kafet ba."

Wendell ya yi kicin-kicin da fuska. "To bari in faɗa miki gaskiya, tunda ita kike so. Ba zan zare ƙusa ko ɗaya ba saboda mutumin da ya ƙona tagar Teddy."

Maxine ta san zafin nan na gaske ne. Ita ta shirya bagade ranar jana'izar yaron, tana kuka tana guga. Ta ji tausayin Wendell, amma ta danne shi.

"Ban ce ka zare ba," ta ce. Ta ɗauki jakarta.

Rabaran Colleen Varga ta iso mu ne da kaka, kuma ba tamu ce mu kaɗai ba, coci uku take zagayawa a wata ƙaramar mota mai tari. Mace ce mai kirki, irin kirkin da ke son kowa ya tafi yana murmushi. Maxine ta tare ta a ofis tana cin burodi da cuku a tsaye.

"Misis Tull, ki zauna. Wendell ya kira ni. Ina ganin idan muka zauna mu duka, muka saurari juna..."

"Rabaran, na saurari Wendell tun yana saka gajeren wando. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. An yi wa Royce baftisma a cocin nan ko ba a yi ba?"

"Na tabbata an yi."

"An taɓa wanke masa ita?"

"Ba a wanke baftisma."

"To. Idan kika zo Juma'a kika tarar da akwatinsa a gaban bagade, za ki karanta masa addu'a, ko za ki juya ki koma mota?"

Rabaran ta ajiye burodin. Kowa ya san albashinta daga hannun dattawa yake fitowa, kuma ita ma ta sani.

"Duk inda akwatin yake, nan zan tsaya," ta ce a hankali. "Amma ba zan iya sa su kwance dandamalin ba."

"Wannan ki bar mini."

Ranar Laraba ake shirya kwandunan abinci na mabukata a zauren ƙasan coci. Rabin ikilisiya na wurin. Tebura jere, gwangwanayen wake da masara, naman alade, dankali, safar hannu da mata suka saƙa tun damina. Yara na ta satar biskit ana yin kamar ba a gani ba. Maxine na ɗaura wa kwanduna jan zare lokacin da Wendell ya zo ya tsaya kusa da ita, ya yi ƙasa da murya kamar mai kawo gaisuwar mutuwa.

"Dattawa sun yi magana jiya ta waya. Mun amince coci ta biya ɗakin Lasky, ta kuma aika furanni. Shi ke nan an rufe maganar. Sai ki kawo fararen yadin Asabar da safe kamar kullum."

Fararen yadin nan kuwa saiti ɗaya ne tak cocin ke da shi, kuma a gidan Maxine suke tun farkon wata, kamar kowace shekara, ana wanki ana sitaci. Ita ba ta yi ƙasa da tata muryar ba.

"Farin yadi Juma'a zai hau bagade, saboda Royce. In bai hau Juma'a ba, to Asabar ma yana kan gadona yana hutawa. Ku yi Kirsimeti da shunayya."

Wata yarinya ta tsaya da biskit a baki.

"Ba kayanki ba ne, Maxine. Na coci ne."

"Na coci ne. Royce ma na coci ne. Ku zo ku ɗauka mana, ku dattawan, sai ku yi gugar. Wanne cikinku ya san ta inda ake riƙe dutsen guga?"

Wani ya yi dariya daga baya, ya mayar da ita tari. Marjorie, matar Wendell, ta ajiye gwangwanin da ke hannunta ta fita ba ta dubi kowa ba, wannan kuwa ya soki Maxine fiye da duk abin da mijin ya faɗa. Amma ta ci gaba da ɗaurin zarenta, hannunta ko gezau.

Daren nan wayarta ba ta huta ba. Masu ba da haƙuri, masu wa'azi, masu cewa ai don lafiyarta suke ji. Ta cire wayar daga bango ta kwanta.

Alhamis da rana Janine ta iso, doguwa kamar ubanta, ido ja saboda kuka da rashin barci. Ta tarar da kicin cike da tukwanen taliya da kifin gwangwani da maƙwabta suka kawo, don mutanen Corliss ko sun hana ka coci ba za su hana ka taliya ba. Verna Sipe da Lucille Oakes, sauran matan bagade ke nan da suka rage da ƙarfin tsayuwa, na riƙe da gefe biyu na wani babban farin mayafi mai gicciyen zinariya, Maxine na bin sa da dutsen guga.

"Anti Max, na ji wai kin tayar da gari."

"Wa ya gaya miki?"

"Mai tasi."

Verna ta kece da dariya. "Ai antinki ta yi suna. Lucille, ja gefenki, kina barci ne?"

"Ina ja. Ke ce hannunki ke rawa kamar na sabuwar amarya."

Janine ta zauna ta dafe kai. "Anti, don Allah a bar shi. Ɗakin Lasky ya isa. Ni ba ni da ƙarfin faɗa da mutanen da ban ma tuna fuskokinsu ba."

"Ba ke za ki yi faɗan ba. Ke dai ki zo ki tsaya." Maxine ta ɗaga dutsen guga ta nuna mayafin. "Kin san wannan? Duk wanda ya mutu a cocin nan, a bakin ƙofa ake kwashe furanninsa da tutarsa a lulluɓe akwatin da shi. Mai masaƙar garin nan ya shiga ƙarƙashinsa, mai share masaƙa ya shiga. Da zarar ya rufa, babu mai sanin akwatin wa ya fi tsada. Kakanki ya shiga, kakarki ta shiga. Kuma dokarmu ce ba ya fita daga coci sai wanki. Ba ya zuwa ɗakin Lasky."

"Ai ke ce shugaba. Ki kai shi mana."

"Ni in karya dokar don Wendell ya ji daɗi? Ba za a lulluɓe ƙanena a ɓoye kamar abin kunya ba."

Juma'a ta waye da dusar ƙanƙara mai nauyi. Tun da safe matan uku suka shiga da mabuɗin Maxine. Suka sauke shunayya, suka shimfiɗa fari, suka gyara gefe da gefe har ya zauna daidai. Lucille ta jawo babban kyandir na Ista daga wurin baftisma, don a wurinmu shi ake kunna wa kowace gawa, suka haɗu suka ɗora shi a kan dandamali. Verna ta ɗauki komin dabbobin, wanda babu komai a ciki tunda ba a sa jaririn sai Asabar, ta matsar da shi gefe tana cewa, "Yi haƙuri, baƙo muka yi."

Mutane sun zo, ba da yawa ba, kuma yawancinsu can baya suka zauna, inda in abin ya lalace za su ce wucewa suka zo yi. Wendell ya zo. Bai zauna ba. Ya tsaya jikin bango kusa da dandamalinsa, hannu harɗe a ƙirji, da rigar sanyinsa bai ko cire ba.

Lasky da direbansa suka shigo da akwatin a kan keke mai taya huɗu. Akwati ne na katakon fir marar fenti, mafi araha a shagon. A bakin ƙofa Maxine da Verna suka warware mayafin, suka lulluɓe shi, Maxine ta bi gicciyen da tafin hannu har ya miƙe. Nan ne ta ji zuciyarta ta karye, ta tuna tana goya ƙanen nan nata zuwa makarantar Lahadi. Ta cije leɓe. Ba yanzu ba.

Rabaran Colleen ta wuce gaba tana karanta kalmomin da ake karanta wa kowa, aka biyo ta a hankali har ƙarshen hanya. Nan keken ya tsaya, don daga nan sai gangaren Sanata.

Lasky ya matso ya raɗa mata, "Misis Tull, nan ma ya isa. Ai ya shigo coci."

"Gaban bagade."

"Wannan abin don jaki aka yi shi. In akwati ya kife a gaban jama'a, sunana ne ya lalace."

"Jakin ya fi Royce ƙiba, kuma bai taɓa faɗowa ba."

"Ni dai hannuna ba ya ciki." Ya ja da baya, direbansa ma ya ja.

Maxine ta dubi bencina. Maza nawa ne a wurin, masu ƙarfi, waɗanda ta san ranar da aka yi musu baftisma. Kowa ya sami abin kallo a takalminsa. Ranta ya ɓaci, ɓacin da ya fi kuka daɗi.

"Verna, hagu. Lucille, dama. Janine, zo nan kusa da ni."

Janine ta tuɓe takalmanta masu tsini ta jefa ƙarƙashin benci. Suka tura. Tayoyin gaba suka hau, suka yi taku ɗaya, suka cije. Ashe Wendell ya bi gangaren ya kafa siraran katako a gicciye don kada kofaton jaki ya zame, kuma kowane ɗaya sai an ɗaga keken kafin ya tsallake.

"Ɗaga," in ji Maxine.

"Da me?" Lucille ta ce tana haki. "Ƙugun nan nawa na ƙarfe ne, likita ya ce..."

"Ki gaya wa likitan gobe. Ɗaga."

Suka tsallake na farko. A na biyu keken ya fara dawowa baya. Maxine ta juya ta tokare shi da bayanta, ta kafa ƙafafu, ta ji nauyin ƙanenta gaba ɗaya a kan ƙashin bayanta. Idonta na ganin duhu-duhu. Ta rantse a ranta ko nan za ta mutu ba za ta ce wa kowa ya taimaka ba.

Rabaran Colleen ta daina karatu. Ta ajiye littafin a kan ciyawa, ta tattare farar rigarta, ta sunkuya ta kama ƙarfen gaba ta ja. Lasky ya ga haka ya ja tsaki, ya faɗi wata kalma da ba a faɗa a coci, ya zo ya kama ɗaya gefen. Keken ya tsallake na biyu, ya tsallake na uku, ya karkata hagu, katako ya yi ƙara.

"Dama," in ji wata murya daga jikin bango. Wendell ne, hannunsa har yanzu a harɗe, idonsa a kan katakon. "Ku bi dama. Ta nan ginshiƙi yake."

Suka bi dama. Akwatin ya hau.

Haka Royce Hatch ya kwanta a tsakiyar barga, ƙarƙashin rufin ciyawa, tauraron kwali na lilo a kansa, kyandir na ci a gefensa, farin bagade a gabansa. Verna ta duba ta ga wata tunkiyar auduga na leƙen akwatin, dariya ta kusa ƙwace mata, sai ta koma kuka. Rabaran ta karkaɗe ciyawa daga littafinta ta ɗora daga inda ta tsaya, tana haki. An yi masa komai. An karanta, an yi waƙa ba kiɗa da muryoyin tsofaffi, an ba da Jibin Ubangiji, an ambaci sunansa cikakke a gaban Allah kamar na kowa. Maxine ta zauna a bencin farko, bayanta na mata zugi, hawaye na zuba ba ta ko share ba.

Da aka gama, 'yan baya suka fara sulalewa. Janine ta rungume antinta tana shessheƙa.

"Anti, kin kusa kashe kanki. Baba ma zai so wannan wahalar kuwa? Shi da bai sake waiwayar cocin nan ba."

Maxine ta ɗago. Wendell ya baro bango, yana tsaye a gindin gangaren yana duba katakonsa. Ta yi maganar yadda zai ji.

"Wa ya ce miki bai waiwaya ba? Duk jajibirin Kirsimeti, lokacin wasan yara, ubanki zai zo ya ajiye akori-kurarsa can tsallaken titi, gaban shagon wanki. Ya sauke gilashi, cikin sanyin nan, don ya ji waƙa in an buɗe ƙofa. Bai taɓa fashi ba. In tsallaka in ce, Royce, taso mu shiga. Ya ce, 'Sai Wendell ya ce.' Wendell kuwa na bakin ƙofa yana yi wa mutane maraba, titi ne kawai tsakaninsu."

Janine ta juya ta dubi mutumin da ba ta sani ba. Wendell bai ɗago ba.

"Ina ganinsa," ya ce. Ya shafa katakon da babban yatsa. "Kowace shekara sai in ce baɗi."

Lasky ya yi gyaran murya, ya ce mota na jira. Matan suka koma wurarensu, Rabaran ta sake tattare rigarta. Wendell ya tako, ya hau gangaren, ya miƙa hannu zai kama ƙarfen keken.

Maxine ta ɗora nata hannun a wurin kafin nasa ya isa.

"Bari, Wendell. Ba kai ka shigo da shi ba, ba kai za ka fitar da shi ba. Farin yadi na nan, na bar maka shi a shimfiɗe don gobe."

Ya tsaya da hannu a sarari, sannan ya sauka ya ba su hanya.

"Verna, riƙe da kyau," in ji Maxine, ta juya ta sake kafa bayanta jikin akwatin. "A hankali za mu sauka."